Yadda Ake Jera Ruwa Hawa Biyar a Gora Ɗaya Don Koyar da Densiti

Yawancin ɗalibai sun ɗauka abin da ya fi kauri shi ya fi nauyi. Wannan gwaji ne ke warware musu ruɗanin, domin man gyaɗa ya fi ruwa kauri, amma a saman ruwa yake zama. Abin da ke yanke hukunci shi ne densiti, wato nauyin abu a awo guda: mililita ɗaya ta zuma tana kai giram 1.4, sabulun ruwa na wanke-wanke ya ɗan haura 1.0, ruwa 1.0, man gyaɗa kusan 0.92, sifirit kuwa wajen 0.8.

Kayan duk ana samunsu a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, sifirit kuma a kemis. A tanadi mililita 50 na kowanne, da gorar roba mai haske da aka yanke wuyanta, da sirinji babba marar allura, da cokali, da kalar kek. In makarantar na da sikeli, a fara da auna kowane mililita 50 a gaban yara: zuma za ta ba da wajen giram 70, ruwa 50, mai 46, sifirit 40. Su rubuta hasashensu na wanda zai zauna ƙasa kafin a zuba komai.

Zuma ce farko. A tsiyaya ta tsakiyar gorar daidai, kada ta taɓa gefe, domin in ta shafi bango za ta ɓata duk hawan da ke tafe. A lokacin hunturu takan daskare, sai a tsoma kwalbarta cikin ruwan ɗumi tukuna. Sannan sabulu, shi ma ta tsakiya, a hankali.

Wurin zuba ruwa ne aka fi yin ɓarna. A rina shi da kala, a karkata gorar kaɗan, a riƙa sakinsa da sirinji yana gangarowa ta jikin bango. Ruwa da sabulu suna garwayuwa, tazarar nauyinsu kuma kaɗan ce, don haka zubi ɗaya da ƙarfi ya isa ya tayar da kumfa, hawa biyun su koma ɗaya. Mai ba ya ba da wahala, ko ya nutse zai taso. A bar shi minti biyu ya kwanta, sannan a ɗora sifirit ta bayan cokali. Man ne katangar da ke tsakaninsa da ruwa. In ya huda man da ƙarfi, ya narke cikin ruwan ke nan. Kada a musanya sifirit da kananzir, shi yana garwayuwa da man gyaɗa.

Daga nan a jefa ƙusa, da ƙwayar masara, da gutsuren kyandir. Ƙusa za ta kai ƙasa, masara ta tsaya a kan zuma, kyandir ya ratsa sifirit ya tsaya a kan mai.

Sifirit yana kama wuta kuma guba ne, saboda haka malami kaɗai zai zuba shi, taga a buɗe, kuma ko zumar kada wani yaro ya lasa.