Kurakuran da ke ɓata ƙananan tankokin roba, da yadda ake gyara su

Wanda ya taɓa haɗa motar kara yana yaro ya san daɗin ganin abu ya tashi daga hannunsa. Sai dai motar kara ba ta da tsegumi, ko taya ta karkace a haka za a ja ta. Ƙaramar tankar yaƙi ta roba, irin wadda kamfanoni kamar Tamiya na Japan, Italeri na Italiya da Zvezda na Rasha ke zubawa gunduwa-gunduwa a kwali, ita kam tana tona asiri. Dalilin kuwa lissafi ne.

Yawancin tankokin nan a sikelin 1/35 ake yin su, wato an rage komai sau 35. Tamiya ce ta yaɗa wannan awo tun daga samfurinta na tankar Jamus mai suna Panther a 1961, wadda aka yi wa girman da zai ɗauki batura a ciki, da aka auna sai ya faɗo a kan 1/35. Sojan da ya kai santimita 175 yana komawa santimita 5. To juya lissafin: tsagar rabin milimita da ka bari tsakanin gunduwa biyu, a tankar gaske ta kusa santimita biyu, yatsa zai shige. Ƙwayar yashi mai milimita ɗaya ta zama dutse kamar goro. Kusan duk kuskuren da ke ƙasa daga mance wannan ninki yake fitowa.

Na farko tun wajen cire gunduwa daga reshen robar da take manne. Sabon shiga yakan murɗa ta da yatsa har ta ɓalle, sai ta tafi da rami ko ta bar farin tabo. A yanka da ƙaramar filaya mai kaifi, ko abin yankan farce in babu, a ɗan bar saura, sannan a share sauran da reza a goge da samfefa mai laushi. Kada ka cire komai gaba ɗaya ka tara a faranti. Lambar kowace gunduwa a jikin reshen take, in ka raba su ka shiga uku da tayoyin da suka yi kama da juna. Akwai kuma siririn layi da ke bin gefen kowace gunduwa, inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu. A bututun igwa da tayoyi da hannun soja ya fi fitowa. Kankare shi da bayan reza kafin fenti, domin fenti ba ya ɓoye shi, ƙara fito da shi yake yi.

Sai gam. A nan na fi ganin ɓarna. Mutum ya sayo sufa-gulu a kanti ya lafta, ya kama kafin a daidaita, ya bar farin hazo a gefe, in gilashin mota ne kuma ya dushe shi har abada. Gam ɗin wannan aiki daban ne: ruwa-ruwa ne, narkar da fuskar robar yake yi ta haɗe da 'yar uwarta, irin Tamiya Extra Thin. Haɗa gunduwoyin tukuna babu gam, ka ga sun zauna, sannan ka taɓa bakin buroshin a kan gamin, shi da kansa zai bi layin. Hatsarinsa ɗaya ne: in ya gangaro ƙarƙashin yatsanka, zanen yatsan zai zauna a jikin sulke. In hakan ta faru kada ka goge nan take. Bar shi ya kwana ya taurare, gobe ka bi da samfefa. Sufa-gulu yana da wurinsa, wajen ƙananan gunduwoyin tagulla da na rezin (wata irin roba ce daban), waɗanda gam ɗin roba ba ya kamawa, shi ma da bakin tsinken sakace ake ɗiga shi.

Sarƙar ƙafa tana buƙatar a zauna a kanta, don a nan ake gane wanda ya kalli hoton tankar gaske da wanda ya bi takarda kawai. Da farko ana sa ta a juye, gaba ya koma baya, wani lokaci ma gefe ɗaya daidai ɗayan a birkice. Duba hoto kafin ka manna. Sannan kowace tanka da yadda sarƙarta ke kwanciya. Ta Sherman ta Amurka a ɗaure take tam, ba ta saki. Ta Panzer IV ta Jamus tana ɗan lotsawa tsakanin ƙananan tayoyin sama. Tiger ta Jamus da T-34 ta Rasha ba su da waɗannan tayoyin saman sam, sarƙar a kan manyan tayoyin take kwanciya saboda nauyinta. Tsofaffin kwalaye suna zuwa da sarƙa ta roba mai laushi kamar bel, wadda ke tashi sama ta yi baka, sai tanka mai tan hamsin da wani abu ta zama kamar abin wasan yara. A ɗaure ta a jikin taya da siririn zare ta inda ido ba ya kaiwa, ko a danne ta da ɗan ƙarfe da aka soka a jikin gangar. In sarƙar ɗai-ɗai ce, jera ta a kan tebur, shafa gam, jira ya fara kamawa amma bai taurare ba, sannan ka naɗa ta a kan tayoyin ka lotsa inda ya dace.

Fenti kuwa, cutarsa kauri. Ana so a rufe robar a shafa ɗaya, sai kawunan ƙusoshi da layukan walda su nutse. A tsinka fentin ya koma kamar madara, a yi shafa biyu ko uku, kowace ta bushe kafin ta gaba. Shafar farko za ta yi muni, kada ta ba ka tsoro. Kafin nan a wanke tankar da ruwan sabulu don maiƙon hannu, a fesa fentin ƙasa siriri. Kuma a san jerin: fenti mai ƙarfin tina, wato laka, shi ke ƙasa, in ka ɗora shi da yawa a kan fentin akirilik ko na inamel zai cinye su su yamutse.

Mu da ke fama da hunturu muna da namu ƙarin. Ƙura tana sauka a ɗanyen fenti, kuma gashin ƙura ɗaya a wannan sikeli igiya ce. Kifa kwali ko roba mai murfi a kai da zarar ka gama. Busasshiyar iska kuma takan busar da fenti tun yana hanya daga abin feshi, ya sauka da kaushi kamar samfefa. Matso kusa, ƙara tsinkawa, ka yi feshin da sassafe. Na taɓa barin wata a bakin taga da rana a watan Afrilu, na dawo na tarar bututun igwa ya sunkuya kamar mai gaisuwa.

Launi ma tarihi ne, kuma nan ne masu sani ke kama mutum. Tankokin Jamus toka-toka mai duhu ne a farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Daga Fabrairun 1943 aka koma rawaya mai duhu, ana ɗora kore da ja-ƙasa a kai. Kaushin nan mai layi-layi da ake kira Zimmerit, wanda aka shafa don hana nakiya mai maganaɗisu kamawa, bai zo ba sai bayan yaƙin Kursk da aka gwabza a Rasha a Yulin 1943, aka kuma daina shi a Satumbar 1944. Saboda haka Tiger ta Kursk mai Zimmerit kuskure ce. Panther ma a Kursk ta fara shiga yaƙi, alhali sojojin Jamus da Italiya sun miƙa wuya a Tunisiya tun watan Mayu, don haka Panther a hamadar Afirka ta Arewa labarin ƙanzon kurege ne, komai kyan yashin.

Sitikar ruwa mai ɗauke da lamba da tauraro takan yi fari-fari kamar azurfa in an ɗora ta a fenti marar sheƙi, saboda iskar da ta maƙale a ƙasa. Shafa banish mai sheƙi a wurin, ɗora sitikar, matse ruwan da auduga, in ta bushe ka rufe da marar sheƙi.

Sai tsufantarwa, inda gishiri ke yin yawa. Mutum ya koyi yin tsatsa sai ya mai da tankar kamar wadda ta shekara talatin a hannun 'yan gwangwan. Yawancin tankokin Yaƙin Duniya na Biyu ba su daɗe a fagen fama ba, kuma akwai masu kula da su. Abin da ke kansu ƙura ce, da laka, da maiƙon mai, da gogewar fenti a inda takalma ke takawa da bakin ƙofofi. Tsatsa a salansa take. Motar sulke M113 ta yaƙin Biyetnam ma jikinta alminiyom ne, jan tsatsa a gangarta abin dariya ne. Ni dai ra'ayina, in ka ji zuciyarka ta ce a ƙara kaɗan, ajiye buroshin ka je ka sha shayi.

Diyorama, wato ɗan fagen da ake kafa tanka da sojoji a kai, kuskurenta babba shi ne tanka ta tsaya a saman ƙasa kamar an ajiye kofi a tebur. Danna ta cikin filastar tun tana ɗanya, da leda a tsakani, ka ja sawun sarƙa a bayanta, kuma ƙurar da ke ƙasa ita za ta hau tayoyi da takalman sojoji. A tankaɗe ƙasa da rariya mai laushi, a manna da farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa. In farin soson kwalin firiji ka yi tudu da shi, rufe shi da filasta tukuna, don fentin gwangwani da gam ɗin roba narkar da shi suke yi. Kada ka jera tankar daidai da gefen katako, karkata ta. Kuma a rage kaya: tanka ɗaya da sojoji uku da ke kallon abu guda sun fi cunkoson goma da kowa ke kallon gabansa. Idon soja kada a sa masa farin fenti tas, sai ya zama mujiya. Siririn layi mai duhu ya wadatar.

Mai son fagen da ya shafi kakanninmu yana da Yaƙin Bama, wani ɓangare na Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Birtaniya, cike da 'yan Arewa, sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Kuskuren da za a yi nan shi ne cika fagen da tankoki. Runduna ta 81 ta ratsa duwatsu da kurmin gora ne, kayanta a kan 'yan dako, abinci da harsashi jirage ke jefowa. Ƙaramar jif ta Willys, wadda Tamiya ke yi a 1/35, da mutum uku ɗauke da kaya a ka, ta fi kusa da gaskiya. Fatar sojojin kada a shafa baƙi wuluk. A fara da ruwan ƙasa mai duhu da ɗan ja a ciki, a haskaka goshi da kumatu da karan hanci. Tambarin runduna ta 82 mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, na ta 81 kuwa baƙin gizo-gizo a kan rawaya. A kafaɗar soja mai santimita 5 bai wuce milimita biyu ba, don haka kada ka wahalar da kanka da zana ƙafafu takwas: ɗigon rawaya da tsinken sakace, in ya bushe ka ɗiga baƙi a tsakiya.