Yadda Ma'aikaci Zai Tantance Abin da Ake Cire Masa Daga Albashi

Yawancin ma'aikata ba su san albashinsu ba sai ta saƙon banki da ke shigowa waya a ƙarshen wata, alhali abin da ke cikin saƙon ragowa ce bayan an zaftare haraji da kuɗin fansho da sauran abubuwan da ƙila ba a taɓa yi musu bayani a kai ba. Duk mai karɓar albashi, a gwamnati ko a kamfani, ya kamata ya iya yin wannan lissafi da kansa, domin kuɗin da aka cire guminsa ne, kuma yana da haƙƙin sanin inda suka nufa.

Ka fara da neman takardar bayanin albashinka daga ofishin kuɗi na wurin aikinka, kowane wata, ka riƙa adana ta. A samanta za ka ga gundarin albashi, sannan alawus na gida da na sufuri da duk wani ƙari. Ka tara su, ka gwada jimillar da abin da takardar ɗaukarka aiki ta faɗa. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata.

Daga nan sai ka koma kan fansho, wanda a ganina shi ne wurin da ma'aikata suka fi yin sakaci, kuma suka fi cutuwa. Dokar fansho ta 2014, wadda ta shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya da kamfanonin da ke da ma'aikata 15 ko fiye, ta tanadi a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, mai aikin, wato wanda ya ɗauke shi aiki, kuma ya ƙara aƙalla kashi 10 daga aljihunsa. Ana lissafin ne a kan gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri. Wajibi ne a tura kuɗin asusunka na fansho cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Cirewa daban, turawa daban: sau da yawa takarda takan nuna an cire, amma asusun bai ga ko kwabo ba, kuma mutum ba zai farga ba sai ranar da ya ajiye aiki, lokacin da bin sawun kuɗin shekara goma ya zama jan aiki. Saboda haka ka nemi bayanin asusunka daga kamfanin da ke kula da fanshonka, ka ajiye shi gefen takardun albashinka, ka bi su wata bayan wata da alƙalami. Idan ka ga giɓi, ka rubuta wa ofishin kuɗi a takarda, ka riƙe kwafi. In ba a gyara ba, ka kai koke hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. Ma'aikatan jihohi kuwa dokar jiharsu ce ke aiki a kansu, sai su nemi sanin abin da ta tanada.

Haraji shi ne abu na gaba, kuma lissafinsa ya sauya tun ranar 1 ga Janairun 2026, lokacin da sabuwar dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki. Ana lissafinsa ne a kan kuɗin shekara, bayan an fitar da fansho da sauran abubuwan da doka ta yafe. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har ya tsaya a kashi 25 kan abin da ya haura miliyan 50. Mai zaman haya yana da sassauci na kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa na shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba, kuma sai ya bayyana abin da yake biya, don haka rasit ɗin mai gida ba abin yarwa ba ne.

A ɗauki misalin wanda ke karɓar naira 250,000 a wata, 200,000 daga ciki gundari da gida da sufuri, yana kuma biyan hayar 400,000 a shekara. Fanshonsa 16,000 ne a wata, wato 192,000 a shekara, sassaucin hayarsa kuma 80,000. Idan aka fitar da su daga albashinsa na shekara, wato miliyan 3, saura 2,728,000. A ware 800,000 na farko, a ɗauki kashi 15 na ragowar 1,928,000, harajinsa ya kama 289,200 a shekara, wato 24,100 a wata. Abin da zai shigo masa banki 209,900 ne, asusun fanshonsa kuma ya kamata ya samu 36,000, tunda mai aikin zai ɗora nasa 20,000. Harajin yana tafiya ne hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da kake zaune, kuma takardar shaidar biyan haraji da za ka nema a can ita ce za ta tabbatar maka an kai shi.

Sauran layukan da ke takardar albashin ba su da wuyar ganewa. Akwai kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa, wanda tun 2023 ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, akwai kuɗin ƙungiyar ƙwadago, da na ƙungiyar adashin ma'aikata, da bashin da ka ci. Bashin ne kawai ke buƙatar sa ido, domin yakan faru a ci gaba da cirewa bayan an gama biya. Ka rubuta watan da ya kamata ya ƙare a bayan takardar yarjejeniyar, kuma idan watan ya wuce ka ga layin yana nan, ka ɗauki takardun biyu ka je wurin akanta tun kafin a shirya albashin wata mai zuwa.