Yadda ake bambance nau'ukan ƙudan tsando ta hanyar duba jikinsu

A bakin makiyayi duk ƙudan tsando ɗaya ne, tunda sammore ɗin da yake sa wa shanu ɗaya ne. Amma ga mai shirin kafa tarko, sanin nau'in shi ne rabin aikin. A dajin Yankari, alal misali, ana samun Glossina morsitans, mai yawo cikin sarari tsakanin itatuwa, da Glossina tachinoides, wanda ba ya nisa da inuwar bakin rafi. Ka ɗauki wannan a matsayin wancan, sai ka kafa tarko inda ƙudan ba ya bi.

Ka tanadi madubin hannu mai ƙara girma sau 10, da farar takarda, da ƙudan da aka kamo bai daɗe ba. Wanda ya ƙoshi da jini cikinsa yakan kumbura ya yi ja, zanen ya ɓace, don haka ka ajiye shi gefe.

Da farko ka tabbata tsando ne, domin ƙudajen da ke cizon shanu suna da yawa. Idan ya sauka, fukafukansa sukan hau kan juna kamar rufaffen almakashi, bakinsa kuma a miƙe yake gaba kamar allura. Ɗaga fiffike ɗaya ka haska: jijiyoyin tsakiya sun zana siffar kan gatari. Babu wani ƙuda mai wannan zane sai shi.

Daga nan sai ƙafar baya, kuma a nan nake so ka daɗe. Ƙarshen ƙafar yana da ƙananan gaɓoɓi 5. Idan duka baƙaƙe ne, ƙudan na dangin bakin ruwa ne, wato palpalis ko tachinoides. Idan na ƙarshe guda 2 ne kawai baƙaƙe, sauran kuma ruwan ƙasa mai haske, to na sarari ne, dangin morsitans. Shimfiɗa ƙafar a kan farar takardar, cikin hasken rana, kada ka duba ta a tafin hannu.

Sai bayan haka za ka kalli saman ciki. Na palpalis duhu ne kusan gaba ɗaya, da ɗan haske a tsakiya. Na tachinoides kuwa ɗorawa-ɗorawa ne da ratsin baƙi da ya katse a tsakiya, kamar dai na morsitans. Wannan kamar ce ke ruɗar masu koyo, shi ya sa ban yarda a fara da ciki ba. Ciki mai ratsi da ƙafa baƙa duka, tachinoides ne, kuma galibi ya fi sauran ƙanƙanta.

Juya shi rigingine. Namiji yana da ɗan ƙulli kamar maɓalli a ƙarshen ciki, mace ba ta da shi. Dukansu suna shan jini. A cikin wannan ƙulli akwai ƙugiyoyin da yake riƙe mace da su, kuma siffarsu ce ke raba nau'ukan da suka yi kusa ƙwarai, irin su palpalis na Najeriya da ɗan'uwansa gambiensis na can yamma. Wannan aikin madubin ɗakin gwaji ne. Saka ƙudan a kwalba mai sinadarin alkohol kashi 70 cikin ɗari, ka rubuta wuri da rana da fensir, ka kai wa jami'in kula da dabbobi ko Cibiyar Binciken Cutar Sammore da ke Kaduna.