Yadda ake sa ido a rumfar zaɓe har a fitar da sakamako

Abin da ke damuna da matasan da ƙungiyoyi ke turawa sa ido shi ne, su zo da sassafe da zafinsu a yi ta ɗaukar hoton layi ana turawa WhatsApp, da la'asar ta yi sai ka nemi mutum ka rasa, wai ya gaji ya tafi cin abinci. Alhali lokacin ne ma aikin ke farawa.

Da farko ka shiga ta hannun ƙungiyar da INEC ta tantance, irin su Yiaga Africa ko TMG, su ba ka katin shaida ka rataya a wuya. Kada ka saka hula ko riga mai alamar wata jam'iyya, ni dai farar riga kawai nake yarda da ita. Kuma ka sani kai ba ejan ɗin jam'iyya ba ne, ejan shi ke sa hannu a takardar sakamako, kai naka ido ne da biro.

Ka isa kafin 8:30 na safe, ka rubuta lokacin da malaman zaɓe suka iso, ka ga an nuna akwati babu komai a ciki, na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe kuma tana kan sifili. In ka ga ana rabon kuɗi ko taliya a bayan katanga kada ka yi cacar baki da kowa, ka rubuta lokaci da wuri ka kira shugaban tawagarku.

To yanzu ga inda ni na sha kashi a 2023. Ƙarfe 2:30 na rana ake tsayar da layi, wanda ke ciki zai yi zaɓensa, mu a rumfarmu sai bayan magariba aka fara ƙirga da fitilar waya, kuma daidai lokacin da ake cike fom ɗin EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, wayata ta mutu saboda tun safe nake ɓarnar caji. Washegari gardama ta tashi a kan lambobin rumfar, ina da gaskiya a baki amma ba ni da hujja a hannu, wallahi har yau abin na ci mini rai. Don haka ka ari fawa bank in ba ka da kuɗin saye, ka kashe data har sai an zo ƙirga.

Kafin a zazzage akwati ka nemi a faɗi adadin mutanen da BVAS ta tantance, ka rubuta a takarda, ba a waya kaɗai ba. Ka matsa kusa lokacin da ake ware lalatattun ƙuri'u don nan ne ake yawan rigima, dangwale ya ɗan zarce layi sai wani ya ce a jefar. Ka bi ƙirgar da bakinka, sannan ka haɗa lissafi da kanka. In ƙuri'un da aka kaɗa sun fi waɗanda aka tantance yawa, aringizo ke nan, dokar zaɓe ta 2022 ta ce a soke sakamakon rumfar. Hoto kuma sai bayan an sa hannu an buga hatimi, ka haska sosai lambar rumfa ta fito, ka duba ko an goge wata lamba an sake rubutawa. Ka ɗauka sau uku. Ka ɗauki wanda aka manna a bango shi ma.

Kada ka tafi sai ka ga an ɗauki hoton fom ɗin da BVAS don turawa IReV, wato shafin intanet da INEC ke ɗora sakamakon rumfuna, in an ce ba sabis ka rubuta hakan da lokacinsa. Daga nan in da tsaro ka bi malaman zaɓe zuwa cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, ka tura rahotonka a daren, daga baya ka buɗe IReV ka gwada da hotonka.