Ɗauke VM da kwantena daga tsohuwar Proxmox zuwa sabuwa

Akwai sabobin da suke kan tsohuwar Proxmox VE, manhajar da ke gudanar da VM (kwamfutar da ke aiki a cikin wata kwamfuta) da kwantena (keɓaɓɓen tsarin Linux mara nauyi), wasu tun zamanin siga ta 6. In an sayi sabuwar saba aka ɗora mata siga ta 8 ko ta 9, dawo da bekof ba shi da wuya. Ciwon kai yana tasowa ne daga abin da bekof ɗin bai ɗauko ba.

A tsohuwar saba, a yi bekof da vzdump, manhajar bekof ta Proxmox, bayan an kashe na'urar, wato `--mode stop`, domin shi ya fi tsabta. Fayilolin suna sauka a /var/lib/vz/dump: in an matse su da zstd, na VM yana ƙarewa da .vma.zst, na kwantena da .tar.zst. A kwafe su a faifan waje ko ta kebul ɗin ofis, kada a ƙona kuɗin data a banza. Sannan a gwada `sha256sum` a ɓangarorin biyu don tabbatar da kwafin ya yi daidai da na asali. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi, fayil na iya zama guntu, ba kuwa za a gane ba sai ana dawo da shi. A jona UPS tun farko.

Dokar da ake rubutawa don dawo da VM ita ce `qmrestore fayil 101 --storage local-lvm`, ta kwantena kuma `pct restore 102 fayil --storage local-lvm`. Kada a bar `--storage`, don sunan ma'ajiyar da ke tsohuwar saba ba lallai ya kasance a sabuwa ba. Lambar na'urar ma, wato 101 ko 102, a duba, kar ta yi karo da wadda ake amfani da ita.

Kafin a kunna VM, a buɗe saitinsa. Sau da yawa akwai tsohon ISO, wato fayil ɗin faifan CD, maƙale a gurbin ide2 wanda babu shi a sabon wurin, shi kaɗai ya isa ya hana na'urar tashi. A cire shi. A duba gadar sadarwa, wadda ke haɗa VM da layin ofis, in da vmbr1 ce yanzu kuma vmbr0 kawai ake da ita. Idan tsohuwar saba tana kunne har yanzu, a ƙara `--unique` a dokar `qmrestore` don a samu sabon adireshin MAC, lambar shaidar katin sadarwa, in ba haka ba na'urori biyu za su yi ta kokawa a layi ɗaya. Windows kuwa takan ɗauki katin sadarwar a matsayin sabo, ta mance IP ɗin da aka kafa mata.

Kwantena ce mai rigima. Tun siga ta 7, a 2021, Proxmox ta koma cgroup v2, sabon tsarin Linux na raba wa manhajoji ƙarfin na'ura, kuma tsohon systemd (mai tayar da ayyuka a Linux) irin na CentOS 7 da Ubuntu 16.04 bai san shi ba. Kwantenar za ta nuna ta tashi, amma ba abin da ke aiki a ciki. A siga ta 7 da ta 8 ana iya lallaɓawa da tsohon tsarin, ta 9 kuwa ta cire shi baki ɗaya. Gara a sabunta abin da ke cikin kwantenar tun tana tsohon gida, ko a mayar da ita VM.

Jakunkunan da aka jona wa kwantena kai tsaye daga saba ba sa shiga bekof, sai an kwafe su daban da manhajar kwafi ta rsync. Tsohuwar saba kuwa a kashe ta a ajiye mako biyu kafin a goge faifanta.