Kurakuran da ake tafkawa wajen sa Linux a laftof, da yadda ake gyara su

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, laftof da yawa suka zama marayu. Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, tsofaffin HP da Dell da muke saye na hannu kuwa da yawansu ba su cika sharaɗin ba. Shi ya sa ake ta komawa Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya kafa tushenta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, wadda kowa ke da damar ɗauka kyauta, ya duba cikinta, ya gyara. Sa ta ba wuya. Galibin masu kuka kuwa tun kafin su danna maɓallin girkawa suka yi wa kansu ɓarnar.

Babbar ɓarnar ita ce share komai. Ana cikin girkawa za a tambaye ka yadda kake so a yi da rumbun ajiyar kwamfutar, kuma ɗaya daga cikin zaɓin shi ne "Erase disk". Mutane da yawa suna zaton sashen C kaɗai zai goge, hotuna da takardun da suka tara a D suna nan. Ba haka ba ne. C da D ɗakuna ne a gida ɗaya, shi kuwa wannan zaɓin gidan gaba ɗaya yake rushewa. Na taɓa zama da wani ƙanena da ya rasa babi uku na aikin kammala digirinsa ta wannan hanya. Abin da muka ceto da manhajar tono fayil bai kai rabi ba. Ka kwashe duk abin da ba ka son rasawa zuwa wani rumbu na waje, ka buɗe fayilolin a can ka tabbatar suna buɗuwa, sannan ka zare rumbun ka ajiye shi nesa. Idan kuma aikin gama ya riga ya gama, kashe kwamfutar nan take, domin duk abin da aka ƙara rubutawa a kanta yana binne tsohon ne.

Sai zaɓen irin Linux ɗin. Matasa da yawa Kali suke fara saukewa saboda sun ji ita masu kutse ke amfani da ita. Kali kayan aikin masu gwajin tsaro ce, masu ita da kansu sun ce ba ta sabon shiga ba ce. Mai fitowa daga Windows ya ɗauki Linux Mint, ko Ubuntu mai alamar LTS, irin 24.04, wadda ake fitarwa duk shekara biyu a watan Afrilu ana kula da ita shekara biyar. Idan RAM ɗinka 4GB ne, Mint mai fuskar Xfce za ta fi sakin jiki.

Wasu suna sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ke ɗauke da Linux ɗin da za a girka, su kwafa shi cikin filash kamar waƙa, su yi mamakin kwamfuta ta ƙi tashi da shi. Sai an rubuta shi da manhajar Rufus ko balenaEtcher, ko a sa manhajar Ventoy a filashin. Ka nemi filash mai 8GB ko fiye, na ƙwarai, don akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Fayil ɗin ma ka gwada lambar SHA256 ɗinsa, wato lambar da ke nuna fayil bai lalace ba, da wadda ke shafin masu shi. Intanet ɗinmu yana yankewa, fayil ya lalace ba ka sani ba, sai girkawa ta kai tsakiya ta tsaya cak. Maɓallin zaɓar filash yayin kunnawa: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo.

Da ta tashi daga filash, kada ka yi gaggawar girkawa. Linux tana ba ka damar gwada ta ba tare da ta taɓa rumbunka ba, kuma nan ne wurin duba Wi-Fi, sauti, kyamara, hasken allo da Bluetooth. Wi-Fi ɗin Broadcom da wasu na Realtek sun saba ƙin aiki sai an ɗora musu direba, wato manhajar da ke sa na'urar aiki, direban kuma a intanet yake. Mafita ita ce ka jona wayarka da kebul, ka kunna raba data ta USB, ka buɗe Driver Manager a Mint ko Additional Drivers a Ubuntu. Direban katin hoto na Nvidia ma can yake.

Masu son ajiye Windows da Linux tare su ne suka fi shan wahala, kuma daga ɓangaren Windows matsalar take tasowa. Ka fara rage sashen Windows daga Disk Management, ka bar fili na aƙalla 50GB. Ka kashe Fast Startup, domin da shi Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana riƙe da rumbun ne, Linux ta kasa rubutu a ciki. Ka duba ko BitLocker, makullin da Windows ke sa wa rumbu, a kunne yake. In haka ne, ka nemo lambar ceto mai alƙaluma 48 ka rubuta a takarda kafin ka taɓa komai a BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, in ba haka ba kana iya wayar gari Windows ta kulle ka a waje. Hanyar tashin kwamfuta iri biyu ce, UEFI da tsohuwar Legacy. Idan Windows tana kan UEFI, Linux ma a UEFI za a sa ta. Haɗa ɗaya a UEFI ɗaya a Legacy shi ke sa allon GRUB, inda ake zaɓar Linux ko Windows yayin kunnawa, ya kasa ganin Windows. Akwai kuma laftof da manhajar girkawa za ta ce ba ta ga rumbu ba sam. Wannan yawanci saitin rumbu na Intel RST ne, sai an mayar da shi AHCI a BIOS. Amma kada ka sauya kai tsaye, Windows za ta ƙi tashi. Ka fara saita ta ta tashi a Safe Mode, ka sauya, ka bar ta ta tashi sau ɗaya, sannan ka cire Safe Mode ɗin.

Maganar wuta ba sai an faɗa ba, amma sai an faɗa. Laftof mai mataccen batir ba a raba rumbunta ana dogaro da wutar NEPA. Ka tada janareta ko ka je inda ake da sola.

Bayan an gama, za ka ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya duk lokacin da ka fito daga Linux. Ba lalacewa ba ce. Linux tana ajiye agogon injin a lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, Windows kuwa tana karanta shi a matsayin lokacin gida, Najeriya da Nijar kuma suna gaban UTC da awa ɗaya. Bahaushen Kumasi ba zai taɓa ganin wannan ba, tunda lokacin Ghana daidai yake da UTC. Buɗe Terminal, tagar rubuta umarni a Linux, ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, magana ta ƙare.

A Terminal ɗin, idan ka rubuta kalmar sirri ba ka ga ko ɗigo ba, tana shiga. Haka aka tsara. Abin tsoro shi ne kwafo umarni daga intanet a liƙa ba a fahimce shi ba, musamman mai farawa da sudo, kalmar da ke ba umarni cikakken iko, domin umarnin goge fayil na sudo rm -rf ba ya tambaya, ba ya kai fayil kwandon shara. Ka kunna Timeshift, manhajar ajiye kwafin tsarin, tun ranar farko don ka iya mayar da tsarin yadda yake jiya.

Fayil ɗin .exe na manhajojin Windows ba ya aiki a nan sai ta manhajar Wine, ita ma ba kullum ba. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, sai dai tsarin shafi kan ɗan goce, don haka abin da za a kai bugawa a fitar da shi PDF. Mai shagon da abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop kada ya goge Windows sai ya zauna da Inkscape da GIMP ya ga ko za su ɗauke masa aikin. Mai rubutun Hausa kuma ya shiga saitin madannai ya ƙara tsarin Hausa na Najeriya, wanda ke zuwa da Linux ɗin, ya duba taswirarsa ya ga inda ƙ da ɗ da ɓ suke.