Yadda Ake Shirya wa Iyali Kallon Tsofaffin Katun na Kirsimeti

Daga farkon shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1970, gidajen talabijin na Amurka sun fitar da wasu gajerun finafinan katun waɗanda ake nunawa sau ɗaya tak a shekara, a watan Disamba, kuma har yau ba a daina nuna su ba. Wanda ya buɗe wannan hanya shi ne Mister Magoo's Christmas Carol, wanda tashar NBC ta nuna a 1962. A wancan zamani, yaron da ya makara ranar da aka sa fim, sai dai ya haƙura sai baɗi, kuma wannan jiran yana cikin abin da ya sa manya suke begen finafinan har gobe. Yanzu da komai yake a intanet, iyalin da suke son su ɗanɗana irin wancan daɗin sai sun ɗan yi tsari, domin idan aka jera finafinai biyar a zama ɗaya, yara za su ƙosa tun kafin a gama na biyu.

Abu na farko shi ne zaɓi, kuma shekarun ƙaramin cikin masu kallo ne ya kamata su yanke hukunci. Idan akwai 'yan shekara uku ko huɗu, a fara da Frosty the Snowman na 1969, labarin mutum-mutumin ƙanƙara da ya rayu bayan an ɗora masa hular wani mai rufa-ido. Bai wuce minti 25 ba, kuma labarin a miƙe yake. How the Grinch Stole Christmas! na 1966, wanda Chuck Jones ya shirya daga littafin Dr. Seuss na 1957, ya fi dacewa da waɗanda suka fara makaranta, saboda muryar Boris Karloff mai ba da labari da murmushin muguntar Grinch, wanda ya sace wa mutanen gari kayan Kirsimeti, suna iya razana ƙaramin yaro, ko da yake wahalar da karensa Max yake sha wajen jan kayan sata takan mayar da tsoron dariya. Rudolph the Red-Nosed Reindeer kuwa, labarin wani ɗan barewa mai jan hanci, wanda aka fara nunawa ranar 6 ga Disamba 1964, ya kusa ninka waɗannan a tsawo, don haka ya cancanci a ware masa darensa shi kaɗai.

Ga iyalin da yaransu ba sa jin Turanci sosai, babu kamar The Snowman, wanda tashar Channel 4 ta Ingila ta nuna ranar 26 ga Disamba 1982. An ɗauko shi daga littafin Raymond Briggs, an zana shi da fensira mai launi, kuma babu magana a cikin labarin sai kiɗa da waƙa guda ɗaya, lokacin da wani yaro da mutum-mutumin ƙanƙarar da ya gina suke shawagi a sama. Ba a buƙatar tafinta.

Bayan zaɓi, wajibi ne uba ko uwa su kalli fim ɗin su kaɗai kafin a tara yara, ko da sun san shi tun suna ƙanana, domin abin da babba yake tunawa ba lallai ya zama shi ne dukan abin da ke ciki ba. The Snowman ya ƙare ne da yaron ya fito da safe ya tarar abokinsa ya narke, babu abin da ya rage sai hula da gyale da 'yan garwashi a kan tarin ƙanƙara, kuma fim ɗin bai yi wani ƙoƙarin rarrashi ba. Yaron da bai daɗe da yin rashi ba zai iya jin wannan a ransa, don haka a shirya amsa tun da wuri. A cikin Rudolph kuma, ana tsangwamar ɗan barewar saboda jan hancinsa, har mahaifinsa yana shafa masa laka don ya ɓoye shi, kuma ba a karɓe shi ba sai da hancin ya yi amfani a daren hazo. A ganina wannan ya isa a tattauna shi da yaran da suka yi wayo, a tambaye su ko sai mutum ya yi amfani ne ake ganin mutuncinsa. Haka nan ya kamata iyaye su san cewa yawancin finafinan nan labarin Santa Claus ne da kyaututtuka da ƙanƙara, amma A Charlie Brown Christmas na 1965 ya fita daban, domin a cikinsa wani yaro mai suna Linus ya tsaya a kan dandamali ya karanta labarin haihuwar Yesu daga babi na 2 na Linjilar Luka. Kowane gida ya san abin da ya dace da shi, muddin dai an sani kafin a kunna.

Wannan na Charlie Brown shi ne ya fi buƙatar haƙuri, kuma shi ne manya suka fi ƙauna. Charles Schulz, wanda ya ƙirƙiro Charlie Brown, da darakta Bill Melendez sun sa yara na gaske suka yi muryoyin, sun ƙi saka dariyar nan ta bogi da ake liƙawa a shirye-shiryen barkwanci, sannan suka ɗora kiɗan jaz na Vince Guaraldi. Shugabannin tashar CBS sun ga kamar fim ɗin yana jan ƙafa, amma gidaje fiye da miliyan 15 suka kalle shi ranar 9 ga Disamba, ya kuma ci lambobin yabo na Emmy da Peabody. Yaron da ya saba da katun na zamani mai gudu da ihu zai fara mutsu-mutsu a minti biyar na farko. Kada a kashe, kada kuma a tura gaba; yawanci idan aka zo wurin da Charlie Brown ya zaɓi 'yar tsirarriyar bishiya da ganyenta ke zuba, hankalin yara yakan dawo.

Sai neman kwafi mai kyau. Haƙƙin nuna finafinan yana sauya hannu: na Charlie Brown sun koma Apple TV+ a 2020, Rudolph kuma ya koma NBC a 2024 bayan shekaru fiye da 50 a CBS, kuma abin da ake samu a wata ƙasa ba lallai a same shi a wata ba. Faifan DVD yana raba gardama. A kula da tsawon fim ɗin, saboda tashoshi sukan yanke wasu wurare don su cusa talla, sannan a lura kada a ɗauko sabon Grinch na 2000 ko na 2018 a maimakon na 1966. An yi finafinan ne don tsohuwar talabijin mai kusan murabba'in fuska, don haka a bar baƙin fili a gefe da gefe, kada a ja hoton ya cika allo har fuskoki su baje.

Ranar kallo, a sa lokaci tun kwana biyu ko uku kafin nan, a faɗa wa yara, a ajiye wayoyi, a kuma tsaya a fim ɗaya, ko biyu idan gajeru ne. Idan an gama Rudolph, yana da kyau a bayyana wa yara yadda aka yi shi: 'yan tsana ne na katako da waya da ƙyalle, waɗanda ma'aikatan Tadahito Mochinaga a birnin Tokyo suka riƙa gusarwa kaɗan-kaɗan, ana ɗaukar hoto bayan kowane motsi. Da kyamarar waya da 'yar tsana guda, yara za su iya gwada hakan washegari. Za su kuma ji daɗin sanin cewa a nunin farko ba a ga Santa ya koma ya kwashe kayan wasan da aka yasar a tsibiri ba, sai da masu kallo suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi aka ƙara wannan wurin a 1965.

Sauran kuma a rarraba su cikin watan, ɗaya a kowane mako. Wanda yake son ya fara tun kafin Disamba yana da It's the Great Pumpkin, Charlie Brown na 1966 don ƙarshen Oktoba, da A Charlie Brown Thanksgiving na 1973 don Nuwamba.